Ruwan da ke wucewa ƙarƙashin gadar Kwalkwalawa, daga ina yake kuma ina za shi?

Wata ranar Agusta na tsaya bisa gadar Kwalkwalawa ni da kawuna, mun fito daga gona za mu shiga gari, gulbi ya cika maƙil, ruwan ja wur kamar an dama kunun jar dawa, shina tafe da kara da rassan itace da robobi har da wata matattar akuya tana juyawa a tsakiya, alhali mu nan Sakkwato mun yi kwana tara ko ɗigo bai sauka ba, gero har ya fara naɗe ganye bisa tudu. Na ce mai, Kawu, wanga ruwa duk daga ina? Ya ce, ɗana, ai wanga ba ruwanmu ba ne, ruwan gabas ne, can anka yi shi, mu dai hanya munka ba shi.

Maganar nan ta zauna min a rai ƙwarai, don ita ce mabuɗin komai game da gulbinmu, ambaliyarsa da ƙafewarsa da albasar da muke ci da shi da rigimar dam. Mutane da yawa a garinga sun sha ruwansa tun suna goye amma in ka tambaye su inda ya faro sai su ce daga dam, kamar dam ɗin ne ke haihuwar ruwa. To bari mu bi shi tun daga kai har inda ya faɗa Kwara, wato kogin Neja.

Da farko gulbi biyu ne, ba ɗaya ba. Akwai Gulbin Sakkwato, akwai Gulbin Rima, nan bakin garinmu sunka gamu. Shi Gulbin Sakkwato mafarinsa na can kusa da Funtuwa a kudancin jihar Katsina, in ka ja zare miƙe daga can zuwa nan wajen kilomita 275 ne, amma ruwa ba ya tafiya miƙe don haka tafiyarsa ta fi haka sosai. Daga can sai ya nufo arewa maso yamma, ya ratsa ta Gusau inda anka tare shi don ruwan shan gari, ya zo Bakalori kusa da Talatar Mafara inda babban dam yake, sannan ya shigo ƙasar Sakkwato. Shi kuma Rima tarin gulabe ne sunka haɗu sunka yi shi, akwai Bunsuru, akwai Gagare, akwai Gulbin Maraɗi. Wanga na Maraɗi abin sha'awa gare shi, a ƙasar Katsina ya faro, ya bi ta wajen Jibiya ya tsallaka iyaka ya shiga Nijar, ya shayar da Maraɗi, sannan ya lanƙwaso ya dawo Nijeriya ta ƙasar Gobir, babu wanda ya tambaye shi takarda. A can wajajen Isa da Sabon Birni ne waɗanga ruwaye ke tattaruwa, su gangaro Goronyo, su wuce ƙarƙashin Wurno, su iso mu.

In an ce gulbi ya fito daga duwatsu sai mutum ya zana wani dogon tsauni a ransa mai kai cikin gajimare, irin na Mambila ko na Futa Jalo. Namu ba haka yake ba kuma gara a faɗi gaskiya. Ƙasar Funtuwa da Tsafe da Gusau doron ƙasa ce mai tudu, shimfiɗaɗɗa, da manyan duwatsu tsaitsaye nan da can, wanda duk ya bi hanyar Gusau zuwa Funtuwa ya ga dutsen Kwatarkwashi ya san irin su. Funtuwa tana wajen mita 700 sama da matakin teku, Sakkwato kuwa wajen mita 300, to wanga bambanci na mita ɗari huɗu shi ke turo ruwa wajenmu. Kuma wannan doron ƙasa na tsakanin Katsina da Zariya da Kano kamar rufin kwano yake, ruwan da ya faɗi ta gabas ya bi gulaben Kano ya nufi Haɗeja da tafkin Chadi, wanda ya faɗi ta kudu ya bi kogin Kaduna, wanda ya faɗi ta wajenmu ya zama namu. Hadari guda zai zubar da ruwa a gari guda, wani sashe ya ƙare a Barno wani ya ƙare a Argungu.

Ga kuma batun yawan ruwan sama. Can wajen Funtuwa ana samun milimita 1,000 ko fiye a shekara, mu nan tsakanin 600 da 700 muke, shi ma cikin wata huɗu kacal, daga Yuni zuwa Satumba, sauran wata takwas rana ce da iska suna tsotse abin da ya rage. Abin nufi, gulbinmu ɗauko ruwa yake daga inda ya fi yawa ya kawo inda ya fi ƙaranci, ya nufi bakin hamada maimakon ya gudu daga gare ta. Ni a ganina wannan ita ce babbar ni'imar da Allah ya yi wa ƙasarga, ba don ita ba da Sakkwato ba ta ɗauki yawan jama'ar da ta ɗauka ba.

Yanzu ga wurin da nake son a natsu, don nan ne sirrin yake, wato abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Ƙasar gabas, ta Gusau da Funtuwa da yammacin Katsina, ƙarƙashinta tsohon dutse ne mai tauri, irin wanda ake fasawa a yi tsakuwar titi, ƙasar da ke bisansa ba ta da kauri sosai. In ruwa ya sauka ba shi da wurin ɓuya, kamar ka zuba ruwa bisa falalen dutse ne, nan take zai gangara ƙorama, ƙorama ta kai shi rafi, rafi ya kai shi gulbi, shi ya sa gulaben can ke cika cikin dare guda, su zo da ƙarfi da jar ƙasa, kuma shi ya sa da zarar damina ta ɗauke sai su ƙafe ƙaf su bar farin yashi. Wanda ya taɓa zuwa can da bazara ya ga mata da yara tsakiyar gulbi sun tona rami cikin yashi tsawon hannu, sun zauna da ƙoƙo suna jiran ruwa ya tsatso suna kwasa a hankali don kada ya gurɓace. Gulbin bai mutu ba, ya dai koma tafiya ta ƙarƙashin yashi.

Da ka wuce wajajen Talatar Mafara ka nufo yamma sai labari ya sake. Nan tsohon dutsen ya nutse can ƙasa, abin da ke bisansa shimfiɗu ne na yashi da yumɓu da farar ƙasa, wani bisa wani kamar an jera tabarmi. Wani ƙaton kwari ne da ya kama tun daga nan har cikin Nijar da Mali, masana ƙasa sun sa mai sunan wata ƙabilar Buzaye, Iwillimidan. Kuma teku ne ya shimfiɗa da yawa daga cikin tabarmin nan, don miliyoyin shekaru da sunka wuce akwai wani hannun teku da ya ratso Sahara ya kwanta a wurin da muke zaune yanzu. Na san wani zai ce ƙaƙa teku a Sakkwato, to hujja tana nan a ƙasa, a wajajen Wurno da Dange da Goronyo ana tono haƙoran kifin teku da ƙasusuwan halittun ruwa da sunka zama dutse, har akwai wata ƙatuwar dabbar teku ta zamanin da da anka samu ƙasusuwanta a ƙasarga anka raɗa mata suna Goronyosaurus saboda Goronyo. Farin dutsen da ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti da shi ma ragowar wancan teku ne.

Mi ya haɗa wannan da gulbi? Yashi da farin dutsen nan suna shan ruwa kamar soso. Da damina su sha su ƙoshi, da rani su riƙa saki kaɗan-kaɗan ta idanun ruwa da marmaro a gefen kwari, tafkin Kware na cikin masu cin wannan moriya. Shi ya sa gulbin da ke ƙafewa a gabas, in ya iso ƙasan Sakkwato ya nufi Kabi sai ka tarar da ruwa a cikinsa ko da bazara, tun kafin a gina wani dam. Kuma shi ya sa a fadama mutum zai soka bututu 'yan mitoci kaɗan ya ɗora injin ya ga ruwa, amma bisa tudu sai an kira masu motar haƙa an kashe kuɗi masu yawa.

Sai kuma gangara. Daga Funtuwa zuwa nan ruwa na saukowa da gudu, amma daga nan zuwa Kwara ƙasar ta kusa zama shimfiɗa, tafkin Kainji da ke can ƙasa da mahaɗar gulbinmu da Kwara bai kai mita 150 sama da teku ba, ka ga abin da ya rage wa ruwa ya sauka ɗan kaɗan ne a kan tafiya mai nisa. Ruwan da ya taho a guje ɗauke da kaya, ya iso wurin da babu gangara, dole ya rage gudu, in ya rage gudu sai ya sauke kayansa, yashi mai nauyi ya fara zama a cikin gulbi, laka mai laushi ta bazu gefe, gulbin ya riƙa lanƙwasa kamar maciji yana cin wannan gaɓa yana cike waccan, wata shekara ya yanke lanƙwasar ya bar tsohuwar hanya ta zama tafki mai bado da kainuwa. To wannan shimfiɗar baƙar laka mai faɗin kilomitoci a wasu wurare, ita ce fadama. Gulbi ne ya gina ta da hannunsa, shekara bisa shekara, da ƙasar da ya kwaso daga Katsina da Zamfara.

Faɗin kwarin ma ya fi ƙarfin ruwan da ke cikinsa yanzu, in ka tsaya bisa tudun Wurno ka duba ƙasa za ka ga kwarin ya yi wa gulbin yawa kamar yaro cikin rigar babansa, don an sassaƙa shi ne a zamanin da ruwan sama ya fi na yau yawa. 'Yan uwansa na can Nijar, Dallol Mawri da ya bi ta Dogon Dutsi da Dallol Boso, su ruwan ya daina gudana a cikinsu gaba ɗaya, sai kwarin kawai da rijiyoyi marasa zurfi. Duk lokacin da na tuna da su sai jikina ya yi sanyi, don su ma gulabe ne a da.

Kakanninmu sun fahimci wanga tsari ba tare da taswira ba. Dubi inda sunka kafa garuruwa. Surame ta Kanta Sarkin Kabi a bakin kwarin nan take, Alkalawa babban birnin Gobir da anka ci a 1808 a bakin Rima take, Sakkwato da Muhammadu Bello ya kafa a 1809 bisa tudu take tana kallon mahaɗar gulaben biyu, Wurno inda ya yi ribaɗi kuma ya rasu a 1837 ita ma bisa tudu tana kallon fadama. Argungu haka, Birnin Kabi haka. Gida bisa tudu, gero bisa jigawa, shinkafa a fadama da damina, in ruwa ya janye a bi sawunsa da dankali da rogo da rake da taba, da rani a kafa jigo a yi lambu, Fulani su sauko da shanu su ci burgu da ragowar kara su bar taki, Sarkawa su bi tafkunan da ruwa ya bari su kwashi tarwaɗa da ƙarfasa, yara su tono gaiwa cikin busasshiyar laka. Kowa da lokacinsa a wuri guda. Babu wanda ya gina ɗakin kwana a fadama don sun san ɗakin gulbi ce, yana fita yawo ne kawai yana dawowa.

Daga mahaɗa a Sakkwato sai ruwan ya yi abin da ke ba mai kallon taswira mamaki, ya daina tafiya arewa maso yamma, ya karya kwana ya nufi kudu maso yamma, ta Wamakko da Silame, ya isa Argungu. Daga nan sunansa ya danganta da bakin mai faɗi, wani ya ce Rima, wani ya ce Gulbin Sakkwato, tsofaffi su ce Gulbin Kabi. A Argungu ne ake faɗa wa ruwan Matan Fada da homa da gora a fito da giwan ruwa, bikin da ya samo asalin shahararsa daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, ziyarar da ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Kabawa da Sakkwatawa, a 2016 kuma UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin jerin al'adun duniya. Bayan Birnin Kabi sai Gulbin Zamfara ya shigo, wanda ya biyo ta Anka da Gummi da Jega, can gaba kuma Gulbin Ka ya shigo dab da ƙarshe, wajen kilomita 120 kudu da Birnin Kabi sai duka su zube cikin Kwara. In ka bi tafiyar da yatsa tun daga Funtuwa za ka ga ta yi kamar lauje.

Yanzu mu zo ga dam, don tun ƙarshen shekarun 1970 gulbin nan ba shi kaɗai ke yanke wa kansa shawara ba. Bayan farin da anka sha a farkon shekarun 1970 gwamnati ta kafa hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima, anka gina dam ɗin Bakalori aka gama a 1978, yana ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 450, da niyyar shayar da hekta 23,000. Anka gina na Goronyo bisa Rima aka gama a 1984, shi ya fi girma, ya haura miliyan 900. Can sama kuma akwai Zobe kusa da Dutsinma da na Jibiya. Niyyar mai kyau ce kuma ba na cikin masu cewa dam bai amfane mu ba, ruwan famfon Sakkwato da rani sakin Goronyo ne, shinkafar rani da alkama da tumatir da albasar da ake lodawa tirela-tirela zuwa kudu da yawansu ruwan dam ne. Amma an biya farashi kuma ya kamata a riƙa faɗi. A Bakalori an tashi mutane daga gonaki da gidajensu, rigimar diyya ta yi tsanani har a Afrilun 1980 'yan sanda sunka buɗe wa manoma wuta, gwamnati ta ce mutum ashirin da wani abu ne sunka mutu, mutanen wurin da masu bincike sunka ce ɗaruruwa ne. Allah ya jiƙan su.

Akwai kuma wasu da babu wanda ya lissafa da su, wato manoman da ke ƙasa da dam. Su rayuwarsu gaba ɗaya a kan cikar gulbi take, ruwa ya hau ya kwanta a fadama ya bar laka ya cika tafkuna kifi ya hayayyafa. Da anka tare ruwan sai cikar ta ragu, wuraren da ake shinkafa sunka koma gero da dawa, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya yi nisa, kifi ya ragu har masunta da dama sunka koma cin rani a wasu ruwaye. Binciken da anka yi a kwarin bayan gina Bakalori ya nuna haka, kawuna ma bai karanta shi ba amma abin da yake faɗi ke nan, ya ce min, ɗana, da can ruwa na da ranar zuwa, muna dubin taurari da shamuwa mu san ya kusa, yanzu sai ranar da anka buɗe mai ƙofa.

To ga ambaliya. Duk wanda ke garinga a Satumban 2010 ba zai manta ba. An yi ruwa mai yawa a gabas, Goronyo ya cika, anka buɗe ƙofofi, ruwa ya shafe ƙauyuka da gonaki tun daga Goronyo har Kware da Wamakko da Silame, ya yanke hanyar da ke zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ɗalibai da malamai da mutanen ƙauyukan ƙetare sunka koma shiga kwalekwale. Shinkafar kawuna ta fara fidda kai ke nan, ya tsaya bakin tudu da sassafe yana kallon ruwa shimfiɗe har inda ido ya ƙare, babu abin da ake gani sai kawunan giginya, bai ce komai ba sai innalillahi, ya juya ya tafi masallaci. Mutane da yawa sun ce don mi za a buɗe dam a kashe mu. Ni dai abin da na fahimta, dam ɗin da ya cika dole a rage shi, in ba haka ba bangon ne zai tafi, kuma in bangon Goronyo ya tafi abin da zai biyo baya ba ya faɗuwa. Tambayar da ta dace ita ce yaushe ake fara ragewa, da wane ma'auni, kuma wa ke sanar da mutanen ƙasa da wuri, don ruwan da ya sauka a Katsina da Zamfara yana ɗaukar kwanaki kafin ya iso, kwanakin nan sun isa a kwashe yara da hatsi da dabbobi in har akwai mai auna ruwa a can sama da mai kiran waya da mai shela a rediyo.

Shekara takwas bayan nan, a 2018, wancan dam ɗin da ya yi ambaliya shi ne ya ja baya har ƙasansa ta tsattsage, anka shiga fargabar ruwan sha a Sakkwato da Birnin Kabi. A 2020 kuma ruwa ya sake cinye shinkafar Kabi. Wanda bai san ƙasar gabas ba zai ga abin kamar rikici, amma abu guda ne ke haifar da duka biyun. Ƙasar da ba ta riƙe ruwa tana sako shi gaba ɗaya ne a lokaci guda sannan ta yi shiru. In aka ƙara sare itatuwa don gawayi da itacen girki, aka nome har bakin ƙorama, sai saurin ya ƙaru, ƙasar da ruwa ke kwasowa ta ƙaru, ita kuma ba ta wuce dam, nan take kwantawa a gindinsa tana cinye wurin da ya kamata ruwa ya zauna. Randa ce da ake zuba wa yashi kullum, tana saurin cika tana saurin ƙarewa. Shi ya sa nake ganin bishiyar da anka sare a dajin Zamfara maganar mutumin Sakkwato ce, kuma rashin tsaron da ya hana ma'aikata da manoma shiga waɗancan dazuzzuka ya shafi har ruwan da ke cikin butarmu.

Mu ma nan da namu laifin. Gari ya faɗaɗa, fili ya yi tsada, an gangara ana yanka fuloti a wurin da iyayenmu ke shuka shinkafa, a cike da ƙasa a ɗora bulo, masu tifa na kwasar yashi har gindin gada, kwatocin gari da ledoji duk gulbi sunka nufa. In ruwa ya dawo ɗakinsa sai mu ce ya shigo mana gida.

Saura babban, wato Kwara. Shi ne ya fito daga tsaunuka na gaske, a ƙasar Gini kusa da iyakar Saliyo, wajen kilomita 240 kacal daga teku, amma sai ya ba tekun baya ya nufi hamada, ya bi ta Bamako, ya bazu a fadamar Masina a ƙasar Mali, ya taɓa Tambutu da Gawo, ya lanƙwaso ta Yamai da Gaya ya shigo Nijeriya ta jihar Kabi, tafiyar kusan kilomita 4,200 kafin ya ga teku. Wannan lanƙwasa ta daɗe tana rikita Turawa, har Kyaftin Kilapaton ya zo Sakkwato a 1824 yana tambayar inda Kwara ta nufa, Sarkin Musulmi Bello ya sa anka zana mai taswira, ya sake dawowa kuma a nan ya rasu a 1827. Ka lura halinsu guda da namu, duka biyun sun faro daga ƙasa mai ruwa, sun je sun gaida hamada, sun juyo kudu.

Abin da ya fi burge ni shi ne Kwara a wajenmu cika biyu take yi a shekara. Ta farko daga Agusta zuwa Oktoba, ita ake kira farin ruwa saboda laka, kuma ruwan Gulbin Sakkwato da 'yan uwansa na kusa ne ke kawo ta, wato jan ruwan nan da munka gani ƙarƙashin gada yana cikinta. Ta biyu kuwa ruwan Gini ne, wanda ya sauka tun damina amma ya ɓata watanni yana ratsa fadamar Masina, a can ya sauke lakarsa ya tace, sai ya iso ƙasar Kabi da Yawuri cikin sanyin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, garau da shi har ya yi duhu, shi ake kira baƙin ruwa. Dam ɗin Kainji da anka gama a 1968 da waɗanga cika biyu yake juya injinan wuta. Kuma in cikar gulbinmu ta zo daidai da lokacin da Kwara ke cike, ruwan ba ya samun ƙofar fita da sauri, sai ya tokare ya kwanta a fadamun ƙasan Kabi ya daɗe, shi ya sa ambaliyar can ke jimawa fiye da ta nan.

Na koma Kwalkwalawa cikin Nuwamba, ruwan ya sauka ya yi sanyi ya fara washewa, an ga alamar inda ya tsaya a jikin ƙafafun gada, layin laka sama da tsawon mutum. Kawu na can ƙasa cikin fadama da ɗiyansa biyu suna ja da kunya, ƙafafunsu sun nutse cikin sabuwar baƙar laka har idon sawu, ya dunƙulo ta a hannu ya murza ya nuna min, ya ce bana ta kwanta da kauri, ba za ta ci taki da yawa ba. Irin albasa na gefe a rufe da ciyawa ya yi kore shar, injin na bisa amalanke ba a sauke ba tukuna, ya ce sai ruwa ya janye ya wuce giginyar can ta uku sannan za su fara dashe.